Tindor, Tsibirin Ɓawo

A inda kogin Salum ya gaji da tafiya
ya miƙe ƙafafunsa cikin teku,
nan Tindor take, fara sol kamar haƙorin yaro.
In ka zagaye ta a kwalekwale
za ka dawo mafari shayinka bai huce ba.
Taswirar hukuma ta ba ta ɗigo ɗaya tak,
ɗigon ma ya faɗa a ruwa.

Kakata Nyilan Ndong ta ce da can babu tudu a nan,
sai laka, sai kaguwa mai ɗaga hannu guda.
Wata mata ce ta zauna bisa kifaffen jirgi,
ta dafa katantanwar ruwa, ta ci, ta jefa ɓawon bayanta.
'Yarta ta jefa, jikarta ta jefa,
tattaɓa-kunne ta zo ta tarar da wurin tsayawa.
Mu ba gona muka gada ba,
ragowar abincin dare muka gada:
a kansa ake haihuwarmu, a cikinsa ake binnewa.

Nan ƙasa tana da baki.
Duk takun da ka yi sai ta ce ƙuras,
shi ya sa ba mu taɓa yin ɓarawo ba,
kuma saurayi mai zuwa zance
tun daga mashigi ake sanin da zuwansa.

Kukoki uku ne a tsakiya, ta ukun ta karkace.
Bayansu kangon Mushe Delbos,
wanda ya zo da sikeli da buhunan gyaɗa,
ya ƙona kusurwar gabas ya yi farar ƙasa,
ya gina sito da jikin tsibirin kansa.
Damina bakwai ya yi, zazzaɓi ya sallame shi.
Yau jemage ne akawu a ciki,
akuya ce ke gadin ƙofar da ba ta rufuwa.

Sau biyu a yini ruwa kan tafi unguwa.
Sai itatuwan bakin gaɓa su tsaya kan yatsunsu,
mata su shiga laka har gwiwa da wuƙa da kwando,
zalɓe na binsu kamar mai jiran bashi.
Sau biyu kuma ya dawo, bai yi sallama ba,
ya leƙa ƙarƙashin rumbunan da muka ɗora kan sanduna.

Rijiyarmu ɗaya ce, da can kamar an sa mata zuma.
Shekarar da teku ya yanke dogon yashin da ke kare mu
sai ta koma zartsi.
Ruwa ba ya tsami banza.
Yanzu a jarka muke sayo shi daga ƙetare,
mu da ruwa ya kewaye, muna auna kurɓa.

Yayana Wagan ya bi jirgin dare zuwa arewa.
Tarunsa na nan rataye jikin karkatacciyar kuka.
Ba mu sauke shi ba. Ba mu kuma gyara hudarsa ba.

Bara wata budurwa ta zo daga Dakar
da sanda mai zane ja da fari, da littafi.
Ta auna, ta rubuta, ta sake aunawa,
ta ce duk shekara teku na yagar taki guda daga yamma,
ta faɗi adadin shekarun da suka rage.
Na ji ƙirjina ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen taru.

Kaka ba ta ce uffan ba.
Ta sauke tukunya, ta cika akushi, ta tura mata.
Baƙuwa ta ci, ta tara ɓawo a tafin hannu,
tana waige-waigen inda ake zubarwa.
Kaka ta nuna yamma da haɓa:
"Can, 'yar nan. Wajen da kika ce yana raguwa."